Yadda ake kunna sel ɗin haidurojin na mota da inbata

Sel ɗin haidurojin na'ura ce da ke raba ruwa da wutar lantarki, iskar da ta fito a tura ta cikin injin mota da fatan rage shan mai. Tambayar da aka fi yi mini a wannan harka ita ce, wai idan aka sa inbata tsakanin batirin mota da sel ɗin haidurojin iskar za ta ƙaru? A'a ɗan'uwa, ba ta ƙara ko kumfa ɗaya. Abin da inbata take yi kawai shi ne ta mayar da wutar batir irin ta gida, ta ɗaga volt ta sauke amp, sannan ta ci nata kason a hanya, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar da ta shiga cikinta yana tafiya a zafi. To me ya sa mutane ke sa ta? Saboda da ita za ka iya jera farantai masu yawa a sel guda, wutar da ke bi ta cikinsu amp 3 ko 4 kacal maimakon amp 30 da wani abu, wayar da za ta je wajen sel ɗin siririya ta isa, tamina ba ta narkewa, farantai ƙanana ma sun wadatar. Wannan shi ne amfaninta, kuma a madadinsa ka shigo da wutar da za ta iya kashe mutum cikin mota, kusa da ruwa mai ɗaukar wutar lantarki da iska mai fashewa. Shi ya sa nake so ka karanta har ƙarshe kafin ka sayi ko noti ɗaya.

Mu fara da abin da ke faruwa cikin sel ɗin, don in ba ka gane shi ba duk sauran aikin lalube ne. Wutar DC, wato irin ta batir mai bin hanya ɗaya, idan ta ratsa ruwa tsakanin farantai biyu na ƙarfe tana raba shi gida biyu, haidurojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya, su ne ke fitowa a gauraye ake kiransu HHO. Ba sabon abu ba ne, tun 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi shi a Ingila, daga baya Michael Faraday ya fitar da ƙa'idar lissafinsa wajajen 1834, kuma har yau ba wanda ya tsallake ta. Ƙa'idar ita ce yawan iska yana bin yawan amp ne da yawan gibin da wutar ta ratsa. Gibi shi ne tazarar da ke tsakanin faranti da na kusa da shi. Amp 1 a gibi 1 yana ba da kusan mililita 11 na iska a minti, iyakarsa ke nan. Shi kuma volt, a lissafi 1.23 ne mafi ƙarancin da zai raba ruwa, amma a aikace da farantan sitenles sai ka ba kowane gibi wajen volt 2 zuwa 2.2 kafin ya yi aiki sosai. Duk abin da ka ɗora sama da haka ruwan kawai kake dafawa, abin da za ka ga yana fita a tiyo gauraye yake da tururi, mutum ya yi ta murna wai iska ta ƙaru alhali sel ɗin ne ke tafasa.

Mataki na farko kenan, zaɓen inbata da auna ta. Ka nemi mai fitar da volt 110 zuwa 120. Mai 220 ko 230 in ka mayar da wutarta DC tana kaiwa volt 325 a ƙololuwa, sai ka jera farantai kusan 150, ga nauyi ga yoyo ga haɗari ninki biyu, ni dai ba na ba kowa shawararta. In ita kaɗai ke hannunka to ka sa taransifoma mai sauke wuta zuwa 110 a bayanta. Ƙarfinta kuma ya ninka abin da za ka ja, in wat 450 kake buƙata ka ɗauki mai wat 1000, kuma ka duba lambar da take iya ɗauka a ci gaba da aiki, ba babbar lambar nan da ake bugawa a jikin kwali ba wadda ta daƙiƙa ɗaya ce ko biyu.

Inbata AC take fitarwa, wato wuta mai kai da komo irin ta gida, sel kuma DC yake so, don haka sai an sa rektifaya a tsakani, wato gadar dayod mai ƙafa huɗu. KBPC5010 ta isa har da rara, amp 50 take ɗauka da volt 1000. Ƙafafu biyu masu alamar ~ su ne na AC, sai mai + da mai − su ne na sel. Ka ɗaure ta a jikin alminiyom mai haƙora don tana zafi, ka rufe ta cikin akwatin roba. Yanzu ka tayar da mota, ka kunna inbatar, ka sa mita a DC ka auna abin da ke fitowa. Ka auna inji na aiki fa, domin batir a kashe volt 12.6 ne amma altaneta na caji yana kai 13.8 zuwa 14.4, kuma wasu ƙananan inbatoci abin da suke fitarwa yana bin abin da ya shiga. Don ka ga ƙololuwar wutar ka haɗa kapasita, wato 'yar na'ura mai riƙe caji, mai ɗaukar volt 250 ko fiye a ƙafafun + da −, ka sa mata resista 47k mai wat 2 a gicciye wanda zai riƙa zuƙe cajin bayan an kashe. Inbata mai tsaftatacciyar wuta za ta nuna maka kusan 170, mai araha wadda wutarta ke tafiya daki-daki kuma wajen 145 zuwa 155. Kapasitar nan tana riƙe wuta bayan ka kashe komai, ka jira minti 2 zuwa 3, ka sake aunawa, sai ka ga ta sauka ƙasa sosai sannan ka kai hannu.

A ce 150 ka samu. Raba shi da 2.1, ka samu 71 da ɗan kai, to a ɗauki gibi 70, farantai 71 kenan. Na farko da na ƙarshe kaɗai ake haɗa wa waya, 69 ɗin da ke tsakiya ba a haɗa su da komai, wutar ce ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta cikin ruwa, kowanne fuskarsa ɗaya tana fitar da haidurojin ɗayar oksijin. In ka rage farantai sel zai yi zafi ya ja amp fiye da kima har inbatar ta yi ƙara ta ɗauke, in ka yi musu yawa kuma za ka zauna kana kallon ruwa shiru ba kumfa.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi da biro da takarda. Amp 3 sau gibi 70 sau mililita 11, ya ba ka kusan lita 2.3 a minti. Wutar da sel ya ci, 150 sau 3, wat 450. Inbata ta ci nata, to daga batir ana jan kusan wat 520, wato amp 37 ko 38. Da a ce amp 38 ɗin nan ka ba sel mai gibi 6 kai tsaye daga batir ba inbata, da lita 2.5 za ka samu. Ka ga ni? Kusan ɗaya ne, na kai tsayen ma ya ɗan fi. Sannan ka duba altanetarka, yawancin na ƙananan motoci amp 70 zuwa 120 suke bayarwa kuma a silo ba sa kai hakan, ga fitilu ga fankar lagireto ga iyakwandishan ga famfon mai duk a kanta suke. In ka ɗora mata amp 38 ba ta da rararsu, batir ne zai riƙa cikawa har wata safiya ka murɗa makulli ka ji shiru.

Mataki na biyu, haɗa sel ɗin, nan ne aikin yake. Dole ya zama busasshen sel, wato irin wanda ake matse farantai da gaskit a tsakaninsu ruwan na ciki kawai, gefen farantan na waje a bushe. Irin wanda ake tsoma farantai cikin kwalba ɗaya ba ya yi da babbar wuta, domin wutar za ta bar farantan tsakiya ta zagaya ta cikin ruwa daga na farko zuwa na ƙarshe, zafi kawai za ka samu. Ƙarfen ya zama sitenles 316L, kauri milimita 1, faɗi santimita 10 da 10. Gaskit na robar EPDM mai kauri milimita 2, a yanka shi kamar firam, abin da zai rage a tsakiya wajen santimita 8 da 8. Masu wannan aiki suna bin ƙa'idar kada a wuce kusan amp 0.08 a kowane murabba'in santimita, to wannan girman zai ɗauki har amp 5 ba damuwa. Farantai 71 da gaskit 70 in ka matse su tsawonsu ya kai santimita 21, ban da murafen gefe biyu, don haka ka auna wurin da za ka ajiye shi tun kafin ka yanka ƙarfe. Murafen na roba mai kauri ne, HDPE mai santimita 2 ya yi, dogayen kusoshin da za su matse su kuma su bi ta waje kada su taɓa ko faranti ɗaya, ka zura su cikin tiyo siriri don ƙarin tsaro.

Kowane faranti ana huda shi sama don iska ta wuce, da ƙaramar huda a ƙasa, milimita 3 ta isa, don ruwa ya daidaita. Wannan ta ƙasan kada ka jera ta a layi ɗaya, na farko hudarsa hagu, na biyu dama, na uku hagu, haka har ƙarshe. In suka yi layi ɗaya ka buɗe wa wuta hanya ce miƙaƙƙiya ta cikin ruwa, kuma a volt 150 ɓarnar ba kaɗan ba ce. Ka goge fuskokin biyu da samfefa a gicciye, ka wanke da sabulu ka ɗauraye da tataccen ruwa, daga nan kada ka ƙara taɓa su da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana hana kumfa tashi a wurin. Wajen matsewa a bi a hankali, wannan kusurwa kaɗan, ta gicciyenta kaɗan, ana zagayawa, in ka ƙulle gefe ɗaya gaba ɗaya gaskit zai zame. Ka cika da ruwa zalla ka bar shi ya kwana a kan busasshiyar takarda, da safe in ka ga ko ɗigo ɗaya ba a gama ba.

Ruwan ciki tatacce ne, irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid fa, ka karanta jikin robar da kyau. Ruwan famfo ko na rijiya zai bar laka ja-ja cikin kwana biyu. Tataccen ruwa shi kaɗai ba ya ɗaukar wuta sosai, sai an zuba masa KOH, wato garin sinadarin potassium hydroxide, in babu sai kostik soda ta yin sabulu. Gishirin abinci kuwa haramun ne a wannan aiki, iskar kilorin yake fitarwa mai guba kuma yana cin farantai. Safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido gaba ɗaya kafin ka buɗe ledar, garin ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan garin, za ka ji robar ta ɗau zafi a hannunka. In ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, na ido a wuce asibiti. Kada ka haɗa shi cikin kwanon alminiyom, cinye shi yake yi, haka ma duk wani kan tiyo da ruwan zai taɓa ya zama roba ko sitenles.

Gwajin farko a waje ake yi, a fili, sel a kan katako busasshe, ba sigari ba walda ba janareta a kusa. Haidurojin yana kama wuta in ya kai kashi 4 cikin ɗari a iska har zuwa kashi 75, tartsatsin da ido ba ya gani ma ya ishe shi, HHO kuwa da oksijinsa yake tafe, ba ci yake yi ba, fashewa yake. Ka fara da ruwa mai rauni sosai, ƙaramin cokali a lita, ka kunna ka kalli mitar amp. In amp 3 kake nema to a sanyi ka tsaya a 2, domin ruwan na ɗumi yana ƙara ɗaukar wuta, amp na hawa, zafin na ƙaruwa, amp ya sake hawa, haka abin ke bin juna har ya ƙwace. Ka bar shi ya yi awa ɗaya kana duba zafi, in ya tsaya ƙasa da digiri 50 amp kuma bai wuce 3 ba ka dace, in yana ta hawa ka kashe ka surka da tataccen ruwa. Sa'o'in farko ruwan zai yi launin ƙasa-ƙasa, ka juye ka sake sabo har ya daina. Wanda ka juye ka tara a jarka mai murfi ka kai inda ake karɓar sharar sinadarai, akwai kuromiyom mai guba a cikinsa daga jikin ƙarfen, ba na zubarwa a kwata ba ne ko inda dabbobi ke sha.

Auna iskar ba wuya. Cika gorar lita 1 da ruwa, kife ta cikin bokitin ruwa, zura tiyon a bakinta ka duba agogo. Lita 2.3 a minti yana nufin gorar ta cika cikin daƙiƙa 26 ko kusa da haka. In ta ɗauki 40 wuta na zurarewa ta hudojin nan. Da ka gama ka saki iskar nan take, ba a ajiye HHO a gora ko balan-balan ko tanki, ko na minti biyar ne. Na taɓa ganin kwalbar kumfa, wato robar ruwa da iskar ke bi ta ciki bayan ta bar sel, ta tashi a gabana lokacin da wani ya kai ashana bakin tiyo wai zai ga ko iskar gaske ce, murfin ya yi sama ya bugi kwanon rufi, kunnena ya yini yana ƙara, kuma iskar da ke ciki ba ta kai kofi ɗaya ba.

Mataki na uku, sakawa a mota. Sel ɗin a wajen ɗakin fasinja, inda iska ke bugunsa, gaban lagireto ya fi, a tsaye, nesa da salansa. Tankin ruwansa na roba ya kasance sama da shi don ruwa ya sauko da kansa iska ta hau. Inbata kuma ba ta son zafi da ruwan ƙarƙashin bonet, ƙarƙashin kujera ko but ya fi mata, inda fankarta za ta sha iska, amma kada ka taɓa haɗa ta wuri ɗaya rufaffe da sel ɗin.

Wayar volt 12 ita ce mai kauri, milimita 16 murabba'i in tazarar gajera ce, 25 in za ta kai but. Daga + na batir sai fiyus na amp 60 a manne da batirin, bai wuce taƙi ɗaya ba, don in wayar ta goge a jikin bodi shi zai yanke kafin mota ta kama. Daga fiyus sai rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, mai amp 100 irin wanda aka yi don ya zauna a kunne, ba solonoyid ɗin kik ba, wancan minti kaɗan zai ƙone. Daga rile sai inbata, − ɗinta kuma ka mayar da shi batir kai tsaye da waya mai kauri iri ɗaya. Abin da zai kunna rilen shi ne mafi muhimmanci: ka ɗauko shi daga wayar famfon mai, ka bi da shi ta wani makunni kusa da hannunka. Da haka inji na mutuwa sel ya mutu. In ka ɗauko daga makulli kawai, ranar da ka tsaya kana jin rediyo inji a kashe iska za ta taru cikin bututun shan iska, ka yi kik ta tashi.

Ɓangaren babbar wuta, daga inbata sai ƙaramin fiyus na amp 5, sai rektifaya, sai mitar amp da za ka riƙa gani daga kujerarka, sai farantan gefe biyu. Waya mai riga biyu, cikin bututun roba, duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A nan rewaya da yawa ke kuskure saboda sabo, sun saba duk − a mota bodi ake kai shi. Wannan − ɗin ba ya taɓa bodi ko kaɗan, haka + ɗin, haka wayoyin AC biyun. In ya taɓa ko inbatar ta ƙone ko bodin motar ya zama rabin hanyar wuta. Ka kuma tuna ruwan da ke cikin tiyo da tanki shi ma wuta ne a jikinsa muddin sel na aiki, gefen farantan ma haka, don haka a rufe sel ɗin da murfin roba, a liƙa masa gargaɗi babba saboda bakaniken da zai buɗe bonet bai sani ba. Ba a ƙara ruwa inji na aiki.

Hanyar iska kuma, daga saman tanki sai kwalbar kumfa, wato doguwar roba mai ruwa zalla wadda tiyon ke shiga har ƙasanta iska ta taso ta cikin ruwan. Aiki biyu take yi, tana wanke ɓurɓushin KOH kada ya kai inji ya ci alminiyom, kuma in harshen wuta ya dawo ta baya a nan zai tsaya. Sararin da ke saman ruwanta ya zama kaɗan, murfinta kuma mai iya fita da kansa. Bayanta sai bawul mai hanya ɗaya da matarin wuta, sannan tiyon ya shiga bututun iska tsakanin iyakilina da totur, bayan sansar auna iska. Kada ka haɗa shi bayan totur inda inji ke zuƙa da ƙarfi, zai janye ruwan kwalbar ya shanye. Mota mai tabo (turbo) kuma kafin tabon ake sawa.

Saura maganar mai, kuma ba zan ɓoye maka ba don ita ce ta kawo yawancin mutane. Haidurojin da ke cikin lita 2.3 a minti in ya ƙone zafinsa wajen wat 250 ne. Kafin a same shi altaneta ta ba da wat 520, ita kuma kusan rabin ƙarfin da take karɓa daga bel ne ke zama wuta, injin fetur shi ma kashi 25 zuwa 30 na man da ya ƙona ne ke zama ƙarfi. Wato ka ƙona mai na wat dubu uku da wani abu don ka dawo da 250. Ga shi inji mai lita 2 yana iya shaƙar iska har lita 2000 a minti in yana juyi 2000 totur a buɗe, to lita biyun ka ɗigo ne a ciki. Stanley Meyer da ya ce motarsa da ruwa take tafiya, kotu a jihar Ohio ta Amurka ta same shi da zamba a 1996. Masu cewa a sa wata na'ura a ruɗi sansar oksijin don kwamfutar mota ta rage mai, ragin da ake gani daga rage man ne ba daga haidurojin ba, kuma inji in man ya yi masa kaɗan zafi yake yi har bawul ya ƙone, ƙasashe da dama ma dokarsu ta hana taɓa waɗannan sansoshi. Ka bar su yadda suke.

In kana so ka san gaskiyar taka motar, cika tanki har baki, rubuta lambar kilomita, yi tafiyarka ta kullum sel a kashe har tanki uku, kana rubuta litar da ka sake zubawa kowane karo. Sai ka yi wasu ukun sel a kunne, hanya ɗaya, iskar taya ɗaya, kuma ka lura da ƙafarka don mutum in ya sa sabon abu yakan rage taka totur bai sani ba. A tsawon gwajin kullum da safe kafin ka tayar ka leƙa ruwan tanki da na kwalbar kumfa, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa domin KOH ɗin yana nan ba ya ƙarewa da sauri, ka duba ko akwai farin gari a bakin tiyo ko gefen gaskit, in ka gani yoyo ne, a cire fiyus ɗin batir a gyara kafin motar ta motsa.